Yadda ake kawar da baƙar fumfuna daga ɗaki mai danshi da hana ta dawowa

Sama da shekara 20 ke nan ina sana'ar gini da yaɓe a ƙauyukan da ke kusa da kogin Haɗeja, tsakanin Ringim da Taura, kuma babu daminar da ta wuce ba tare da an kira ni ɗakin da fumfuna ta kama ba. Kiran yakan yawaita a cikin marka, daga tsakiyar Agusta zuwa farkon Satumba, lokacin da ake kwana uku ko huɗu rana ba ta buɗe sosai ba. A shekarar 2022, bayan ambaliyar da ta malale garuruwa da gonaki a Jigawa ta janye, na shiga ɗakunan da bangonsu ya yi baƙi tun daga daɓe har kusan kafaɗar mutum. Abin da wannan aiki ya koya mini shi ne, duk inda fumfuna ta fito akwai ruwan da ke ciyar da ita, kuma wanda ya goge baƙin bai tsayar da ruwan ba, zai sake ɗaukar buroshi kafin mako uku.

Fumfuna halitta ce mai rai, dangin laimar kwaɗi. Ƙwayoyin irinta ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganinsu, kuma suna yawo a cikin iskar kowane gida. Abu uku suke jira: danshi, da abin ci kamar takarda, katako, auduga, fata ko ƙurar da ta kwanta a bango, da kuma wurin da iska ba ta motsi. Idan abu ya jiƙe aka bar shi kwana ɗaya zuwa biyu bai bushe ba, tsiro ya fara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji kan danshi da fumfuna a cikin gidaje a shekarar 2009, inda ta danganta su da tari, da shaƙewar numfashi, da tashin asma. A garin Rochdale na Ingila ma, wani yaro ɗan shekara 2 ya rasu a watan Disamba na 2020, kuma binciken hukuma ya tabbatar da cewa daɗewa yana shaƙar fumfunar gidansu ne sanadi. Ina kawo wannan ne domin a nan wurinmu ɗakin da ya fi danshi sau da yawa shi ne ɗakin mai jego, saboda shi aka fi rufewa.

Kayan da za a tanada

Galibinsu ana samunsu a kasuwar ƙauye, irin ta Gujungu ranar Lahadi ko ta Wudil ranar Juma'a.

- Takunkumin rufe hanci da baki. Mai lamba N95 da ake samu a kemis shi ya fi. Idan babu, a ninka tsumma mai tsabta rufi uku a ɗaura, a kuma sani cewa kariyarsa ba ta kai ta wancan ba, don haka sai a ƙara himma wajen jiƙa wuri kafin a taɓa shi.
- Safar hannu ta roba, ko leda mai kauri da za a ɗaure a wuyan hannu, da tabarau mai rufe ido.
- Bokiti biyu, buroshi mai tauri, soson wanki, da tsummoki waɗanda ba za a yi baƙin cikin zubar da su ba.
- Omo ko sabulun wanki.
- Ruwan bilic, wato Hypo ko Jik. Idan babu, ruwan khal fari.
- Cokalin gini ko tsohuwar fartanya domin kankara, da kwanon sarki ko buhu domin kwashe abin da aka kankare.
- Farar leda mai kauri da salatif, domin gwajin da zan bayyana a mataki na 2.
- Tsani, da tocila mai haske sosai.
- Kayan gyara gwargwadon ginin: ƙasar gini da ramno (ciyawar da ake kwaɓawa da ƙasa) da makuba (shafen da ake samu daga jiƙon ɓawon ɗorawa) ga ginin ƙasa, siminti da yashi ga ginin bulo, kwalta da ƙusoshi ga rufin kwano, sai farar ƙasa ta shafe.

Mai asma, da mai tarin fuka, da mai juna biyu, da tsoho, da wanda wata cuta ta raunana masa garkuwar jiki, kada ɗayansu ya yi wannan aiki ko ya zauna kusa ana yin sa. Yara kuma a tura su maƙwabta har a gama.

1. A tabbata fumfuna ce

Abubuwa uku sukan rikita wanda bai saba ba. Kunkunniyar hayaƙi tana kwanciya bai ɗaya a saman ɗaki da kan azara, kuma warin hayaƙi take yi. Gansakuka koriya ce mai santsi, tana son wurin da haske ke taɓawa, kamar bakin rariya da bayan banɗaki. Sai farin gishirin da ke tsattsafowa a gindin bango, wanda magina ke cewa kanwa ta kama gini. Shi yana murmushewa a hannu kamar gari, kuma yana narkewa a ruwa. Ita baƙar fumfuna ɗigo-ɗigo take farawa, kamar an watsa tawada, sannan ɗigon ya haɗe ya zama shimfiɗa, kuma tana da wari irin na tufafin da aka manta a jiƙe cikin bokiti. Idan ana shakka a bangon siminti, a ɗiga ruwan Hypo da aka sirka a wurin: fumfuna takan dushe cikin minti biyu, kunkunniya kuwa tana nan yadda take.

Kanwa da gansakuka ba fumfuna ba ne, amma duk alamun ruwa ne, saboda haka matakin da ke biye ya shafe su.

2. A nemo inda ruwan ke fitowa

Wannan shi ne matakin da mutane suka fi tsallakewa, kuma shi ne rabin aikin. Siffar baƙin da wurin da ya fito su ne za su nuna hanya.

Idan baƙin ya taso daga ƙasa ya tsaya a wani tsayi, gwiwa ko ƙugu, da layin naso mai lanƙwasa a samansa, to bango ne ke tsotso daga ƙasa. Irin wannan naso da wuya ya wuce mita ɗaya. Ya zama ruwan dare a garuruwan fadama kamar Auyo, Miga, Kafin Hausa da Kiri Kasamma, inda ruwan ƙasa ke kusa, har mai haƙa rijiya ba ya nisa yake cim masa. Idan kuwa baƙin daga sama ya sauko, a kusurwa ko a tsakiyar silin, to rufi ne ke yoyo: ƙusar kwano ta saki, ko rawanin soro ya tsage, ko indararo ya toshe da ganye da sheƙar tsuntsu har ruwa ya kwanta a kan soro. Idan bango ɗaya ne kaɗai ya kamu, a duba ko na gabas ne, domin hadarinmu daga gabas yake tasowa, kuma wannan bangon shi ke shan feshi. Idan kuma fumfunar a bayan sif take, ko ƙarƙashin gado, ko bayan jere, alhali sauran bangon lafiya lau, to iskar ɗakin ce ta cika da laima ta rasa mafita.

Bayan an duba ciki, a zagaya bayan ɗakin, kuma ya fi kyau a zagaya ana cikin ruwan sama, da laima a hannu. Abin da mutum zai gani a minti biyar na ruwa ya fi abin da zai yi ta hasashe wata guda. A lura da inda ruwan indararo ke sauka, ko a gindin bango yake dukan ƙasa yana fallatsa. A lura da rariyar maƙwabta, da wurin alwala, da randar da aka jingina da bango, da turken awaki, da jujin da aka tara har ya fi daɓen ɗaki tsayi. Lungu ma yakan ƙara tudu shekara bayan shekara saboda cikon da ake zubawa, har a wayi gari ɗakin da aka gina a kan tudu ya koma rami.

Idan har yanzu ba a rarrabe ba, ga gwaji mai sauƙi. A yanko farar leda kamar taƙi biyu kowane gefe, a manna ta a bango ko daɓe, a like gefunan huɗu da salatif yadda iska ba za ta shiga ba, a bar ta kwana biyu. Idan aka ga zufa a bayan ledar, wato ɓangaren da ke manne da bango, ruwan daga cikin ginin yake fitowa. Idan zufar a fuskar da ke kallon ɗaki take, laimar iska ce.

Na taɓa zuwa ɗakin wata amarya da ba ta cika wata biyar da tarewa ba. Surukarta ce ta tarbe ni, ta ce, "Malam, turaren wuta dai kullum sai mun sa safe da yamma, amma warin nan ya ƙi tafiya, ga yarinyar kullum cikin mura." Na ce, "Inna, a ba ni izini in ɗaga ledar ɗakin." Da na kama kusurwar ledar na ja, sai da ta yi ƙara kamar ana ɓare fata, ƙarƙashinta baƙi ƙirin, daɓen yana ƙyalli da ruwa, kwalin da aka shimfiɗa a ƙasa don laushi ya zama kamar tuwo. An yi daɓen simintin ana saura kwana shida biki, aka rufe shi da leda bai bushe ba, ga kuma indararon zaure yana zuba a bayan ɗakin. Turare yana rufe wari ne kawai, kuma hayaƙinsa ƙarin nauyi ne ga ƙirjin da fumfuna ta riga ta taɓa.

Akwai gargaɗin da ya fi duk na sama muhimmanci. Idan ginin ƙasa ne, aka ga gindinsa ya zaizaye, ko bango ya yi ciki, ko wata sabuwar tsaga ta buɗe, ko azara ta lanƙwasa tana zubo ƙasa, a fitar da iyali daga ɗakin a daren nan, a bar zancen fumfuna sai magini ya duba. Kowace marka ana rasa rayuka a Kano da Jigawa ta hanyar ruftawar ɗakunan da suka sha ruwa.

3. A tsayar da ruwan

Ga rufin kwano, a hau da rana, a sake buga ƙusar da ta saki, a toshe ramuka da kwalta, a sauya fallen da tsatsa ta cinye. Wanda yake cikin ɗaki da rana tsaka zai iya hango ramukan ta hasken da ke ratsowa, idan babu silin. Ga soro, a share indararo, a cike tsagar rawani da ta saman rufi da ƙasa mai kyau, a bi da makuba. Iyayenmu suna amfani da laso, wani shafe mai hana ruwa ratsawa wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da wani tsiro mai yauƙi da ake kira dafara, kuma soron da aka yi wa shi yakan daɗe bai yi yoyo ba. Masu iya haɗa shi sun yi ƙaranci yanzu, amma inda aka samu ya cancanci kuɗinsa. Indararo ya zama mai tsayin da zai jefa ruwa nesa da bango, a kuma ajiye dutse ko fasasshen bulo a inda ruwan ke sauka don kada ya haƙa rami.

Ga ruwan ƙasa, a kwashe juji da duk cikon da ya taru a jikin bango, a zuba burji a daddaɓe shi da gangare mai kallon waje, a haƙa 'yar hanyar ruwa wadda za ta kai shi lambatu ko fili. Dakalin da aka zagaye gindin bango da shi yana taimakawa ƙwarai, muddin samansa ya karkata waje. A matsar da randa, da wurin wanke-wanke, da turke.

Idan ana tsakiyar damina kuma babu halin babban gyara, a rufe wurin yoyon da tamfol ko leda mai kauri, a danne da bulo, a buɗe hanyar ruwa da fartanya. Wannan zai riƙe har kaka, amma a sa a rai cewa gyaran gaske yana nan yana jira.

4. A shirya ɗakin

A zaɓi ranar da gari ya waye da rana, a fara da hantsi. A buɗe ƙofa da tagogi, a ɗage labule da asabari. A fitar da abinci da ruwan sha da kwanuka tukuna, sannan sauran kaya. Idan akwai wutar lantarki ko ta sola kuma bangon da ya jiƙe yana da soket, a kashe daga tushe. A shimfiɗa buhu ko leda a gindin bango don tarar abin da zai zubo.

Kuskuren da na fi gani a nan shi ne a ɗauki tsintsiya a hau share baƙin a bushe. Yin haka yana tayar da ƙwayoyin irin su cika ɗaki, su shiga hanci, su sauka a kan katifa da tufafi. Ko da yaushe a fara yayyafa ruwan omo a wurin ya yi laushi kafin a taɓa shi.

5. Wanke bangon siminti, tayil, ƙarfe da roba

A kaɗa omo a bokiti ɗaya, a dirje wurin da buroshi, ana wuce iyakar baƙin da kamar taƙi ɗaya ta kowane gefe, domin fumfuna takan riga ta bazu inda ido bai kai ba. A ɗauraye da tsumma da ruwa mai tsabta daga bokiti na biyu, ana sauya ruwan da zarar ya yi duhu. Wannan dirzar ita ce ainihin aikin, domin ita ke cire fumfunar daga jikin bango.

Bayan haka a sirka Hypo: gwangwanin madara ɗaya na Hypo a gwangwani goma na ruwa. A shafa da soso, a bar shi minti 10 zuwa 15, a goge, a tsane da busasshen tsumma. Ƙara masa ƙarfi ba ya ƙara amfani, sai dai ya ƙone hannu da ido. A haɗa iya wanda za a yi aiki da shi a ranar, don wanda ya kwana ƙarfinsa yana raguwa.

Kada a haɗa Hypo da komai sai ruwa. Idan ya gamu da khal, ko ruwan lemon tsami, ko maganin wanke masai, yana fitar da iska mai guba wadda ke iya shaƙe mutum a cikin ɗaki. Wanda ba shi da Hypo ya yi amfani da khal zalla, ya bar shi awa ɗaya kafin ya goge, amma a zaɓi ɗaya daga cikin biyun, kada a bi wannan da wancan a rana guda. Wanda ba shi da ko ɗaya, sabulu da dirza da busarwa mai kyau sun isa su yi mafi yawan aikin.

Idan filastar ta kumbura, ko tana amsa kamar ganga idan an ƙwanƙwasa, wanki ba zai yi mata komai ba. A fasa ta har a kai ga bulo, a bar wurin a buɗe ya sha iska.

6. Bangon ƙasa da daɓen gargajiya

A nan hanyar ta bambanta, kuma littattafan da aka rubuta don gidajen Turai ba za su taimaka ba. Bangon ƙasa ba a wanke shi, domin duk ruwan da aka zuba masa shanyewa zai yi, a ƙara wa Barno dawaki. Ramno da kashin dabbobi da ke cikin yaɓe abinci ne ga fumfuna, saboda haka saiwarta takan shiga ciki. Abin yi shi ne a ɗan yayyafa ruwa kaɗan don kashe ƙura, a kankare yaɓen da cokalin gini har sai an kai ga ƙasa mai tsabta wadda ba ta wari, a wuce iyakar baƙin da taƙi ɗaya. A kwashe abin da aka kankare a cikin buhu, a kai bayan gari a binne. Kada a mayar da shi cikin sabon kwaɓi, ko da yake na san magina da yawa suna yin haka don tattalin ƙasa.

A bar wurin a buɗe har ya bushe, sannan a yi sabon yaɓe siriri, hawa biyu, ana barin na farko ya bushe kafin a ɗora na biyu. Yaɓe mai kauri da aka yi a cikin damina yakan yi fumfuna tun kafin ya bushe, don haka na fi son a kankare yanzu, a jira hunturu a yaɓe.

Mutane da yawa, da zarar sun samu kuɗin amfanin gona, sai su ce a yi wa ginin ƙasa filastar siminti ciki da waje don a huta. Ra'ayina a kan wannan a fili yake: idan bangon yana tsotson ruwa daga ƙasa, siminti zai kulle ruwan a ciki, ƙasar ta yi laushi a ɓoye, wata rana filastar ta ɓallo falle guda a ga gindin bango ya zama taɓo. Bangon ƙasa yana buƙatar ya riƙa fitar da danshinsa. Makuba, wadda ake samu daga jiƙon ɓawon ɗorawa, tana korar feshi ba tare da ta toshe shi ba, sai dai tana son sabuntawa a kai a kai.

7. Silin da kayan ɗaki

Silin kwali, ko na buhu, ko na zana, idan ya yi baƙi a cire shi a sauya, domin ba ya wankuwa. Silin roba ana iya wanke shi kamar bango. Tsohon silin asbesto kuwa, kada a kankare shi, kada a goge shi da samfefa, kada a farfasa shi, saboda ƙurarsa tana haddasa mummunar cutar huhu bayan shekaru. A goge shi a hankali da jiƙaƙƙen tsumma kawai. Katakon rufi da ƙafar gado a wanke su da ruwan omo ba tare da an tsuma su ba, a shanya.

Tufafi da zannuwan gado a kakkaɓe su a waje, a wanke, a shanya a rana har su yi ƙayau. Katifar soso da baƙi ya ratsa cikinta, da matashin kai, da tabarmar kaba da ta ruɓe, haƙuri za a yi da su. Idan a sama-sama ne, a wanke wurin a kwana uku ana juya ta a rana. Takalma, da buzu, da gafaka a goge su da tsumma mai ɗan danshin khal, a shanya a inuwa mai iska don kada fatar ta tsage. Alƙur'ani da littattafai a buɗe su a inuwa, a bar iska ta bi shafukan, idan sun bushe a goge da auduga a waje. Waɗanda suka lalace gaba ɗaya a kai wa malamin unguwa ya nuna yadda za a yi da su cikin girmamawa.

8. Busarwa da shafe

Ɗaki ya zauna a buɗe, da fanka idan akwai. Bango mai kauri yakan ɗauki makonni kafin ya saki ruwan da ya sha, kuma taɓa fuskarsa da hannu ba ya nuna gaskiyar cikinsa, don haka a maimaita gwajin leda: idan ta kwana biyu babu zufa a bayanta, an samu. Kada a kunna gawayi a rufe ɗaki da niyyar busar da shi, musamman idan za a kwana a ciki. Hayaƙin gawayi yana ɗauke da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kashe mai barci.

Sai bango ya bushe ake shafe. Farar ƙasa mai kaifi, irin wadda ake samu daga ƙonannen dutse, ita na fi so, domin fumfuna ba ta jin daɗin zama a kanta, ga araha, ga shi ba ta hana bango fitar da danshi. A sa safar hannu da tabarau wajen dama ta, a yi hawa biyu sirara. Fentin mai yana da kyan gani, amma a bangon da ke naso kumbura yake yi ya ɓare. Shafa fenti a kan fumfunar da ba a cire ba kuwa asarar kuɗi ce, domin za ta ɓullo ta cikinsa.

9. Hana ta dawowa

A bar tazarar taƙi ɗaya tsakanin bango da gado, sif, ko akwati, a ɗora adaka da buhuna a kan katako ko bulo. Katifar da ake shimfiɗawa a ƙasa a riƙa jingine ta kowace safiya. A cikin damina a ɗaga ledar ɗaki ko kafet sau ɗaya a mako a duba, kuma sabon daɓen siminti a ba shi aƙalla wata guda kafin a rufe shi. Wanki a shanya shi a rumfa ko zaure idan ana ruwa, ban da cikin ɗakin kwana. Girki da risho a ɗaki, da dafa ruwan wankan jego a ciki, duk suna cika ɗaki da tururi.

Yawancin ɗakunanmu taga ɗaya gare su, ƙarama, ita ma a toshe da tsumma saboda sauro ko don sutura. Iska ba ta ratsa ɗaki sai ta samu mashiga da mafita. A fasa wata 'yar taga a sama, a bangon da ke fuskantar ƙofa, sama da tsayin mutum yadda mai wucewa ba zai leƙo ba, a sa mata raga da ƙarfe. A ɗakunan da na yi wa wannan, sau da yawa shi kaɗai ya kawo ƙarshen fumfunar bayan sif.

Ɗakin ajiyar hatsi yana son kulawa ta musamman. Fumfunar da ke kama gyaɗa da masara tana iya haifar da gubar afalatoksin, wadda ke lalata hanta, kuma wanki ko dafuwa ba sa kawar da ita. Hatsin da ya yi fumfuna kada a ci, kada a ba kaji ko shanun tatsa. Kafin a zuba hatsi a buhu ko rumbu, a sa ɗan kaɗan a busasshiyar kwalba tare da busasshen gishiri, a girgiza, a bar shi ya ɗan jima. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, a mayar da hatsin shanya.

Wanda zai yi sabon gini, tun ran gini ran zane: ya ɗaga daɓe sama da lungu sosai, ya shimfiɗa leda mai kauri a kan harsashi kafin a ɗora bango, abin da magina ke kira DPC, aƙalla inci 6 sama da ƙasar waje, ya sa wata ledar a ƙarƙashin daɓe, ya kuma bar bakin kwano ya zarce bango yadda zai kare shi daga feshi. Ko ginin ƙasa ne, jeri biyu ko uku na dutse ko bulon siminti a gindi suna ƙara masa shekaru.

Idan wani a gidan yana tari fiye da mako biyu, ko numfashinsa yana fito da dare, a kai shi asibiti ko da an gyara ɗakin. Gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da aka ware. Gyaran rufi da yaɓen waje kuwa a yi su a watan Maris ko Afrilu, tun ƙasa tana bushewa a yini ɗaya. Ranar da aka yi ruwan farko mai ƙarfi, a ɗauki tocila a bi kusurwoyin ɗaki, da bayan sif, da ƙarƙashin leda, a sa alama da gawayi a duk inda aka ga naso, washegari a hau a gyara.